Rasuwar Ɗan Gatarin Malama Sa'adatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ɗan haushi da ba a ɓoye ba, Malama Sa'adatu, tsohuwar malamar kimiyya a koleji, tana sanar da ƴan uwa da maƙwabta na tsohon garin Agadez rasuwar abokin tafiyarta, ɗan gatarin nan mai ƙotar aduwa. Ya cika ranar Asabar da hantsi a kan hanyar Aderbissinat, yana bakin aikinsa.

An haifi marigayi a maƙerar Bahago, daga ƙarfen wata tsohuwar mota da ta gaji da hanyar Dirkou. Ranar da Malama ta je zaɓe, mazan da ke zaune a rumfar suka ce ta ɗauki babba, wai nauyi ke sara. Ta ɗaga babban, ta ji kafaɗarta ta amsa, ta ajiye musu abinsu. Ta ɗauki ƙaramin, wanda ƙotarsa ba ta wuce kamu ɗaya ba, ta ɗora wuyansa a yatsa, ya tsaya bai karkata ba. Suka yi dariya. Yawancinsu yanzu ba sa iya ɗaga hannu su kai ga hula.

Tun da ta huta daga aiki, shi ne hujjarta ta fita daji. Ita da aminiyarta Biba, mai tsohuwar motar daji kat-kat, sukan ɗauki tabarma da bido na ruwa da kayan shayi su kwana biyu inda ba mai tambayarsu ko sun sha magani. Ɗanta Karim, da ke aiki a Yamai, ya daɗe yana so a rufe wannan hanya. Abin da ya hana shi kawai, duk lokacin da ya tayar da zancen sai ta ce ai ba ita kaɗai take zuwa ba, da gatarinta take.

Marigayi mai kamun kai ne. Bai taɓa cizon ɗanyen itace ba, sai busasshe da ya riga ya faɗi. Ya fiƙe turakun tanti, ya fasa ƙashin rago a Ingall, ya taɓa raba wata kunama da duniya. Ba ya son aro, kuma Malama ta mutunta wannan hali nasa. Abincinsa kaɗan ne: ɗigon man gyaɗa a ƙota, dutsen washi da hannu mai sanyi, inuwa. In yana cikin lafiya muryarsa ƙas! ƙas! take, gajeriya, ba ƙari.

Ciwon ya fara da bazara. Ƙota ta bushe, ruwan gatarin, wato ƙarfensa, ya soma rawa a raminsa, murya ta koma ƙwal-ƙwal. Malama ta san maganin, a zare ƙarfen, a naɗa wa wutsiyarsa siririyar fata, a mayar, a shafa mai. Ta sayo fatar ma. Sai Karim ya zo hutun bakans. Yaron kirki ne, Allah ya sani. Ya ga gatarin uwarsa yana rawa, ya tsoma shi cikin tasar ruwa ya kwana, wai haka kowa ke yi. Da safe ƙota ta kumbura ta kama ƙarfe gam, ƴan gida suka yi ta sa albarka. Malama ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa komawa ya duba irin wannan gatari bayan wata guda. Ba wanda ya taɓa. Itace in ya sha ruwa ya matse ƙarfe, naman cikinsa ne ke murƙushewa, kuma iskar Agadez ba ta barin ruwa a jikin kowa. Ta karantar da wannan darasi shekara da shekaru, ashe ban da a gidanta. Ruwa ya tafi, rami ya ƙara faɗi, tsaga ta ɓullo a wuya. Fata ba ta ɗinke tsaga.

Ranar ajali, sara na farko ya ce ƙwal. Na biyu ya ce ɓas. Ƙota ta rabe, ƙarfe ya tashi sama ya sauka kusa da butar shayin Biba, wadda ba ta fasa zuba sukari ba. Amma bakinta bai riƙe ba, kafin la'asar labari ya kai Yamai. Karim ya kira ya yi ta'aziyya a gurguje, sannan ya yanke hukunci: tunda abokin tafiya ya mutu, Inna ta zauna gida, ga tansiyo, wato hawan jini, ga shekaru. Ya aiko da tukunyar gaz, shuɗiya, mai ƙiba. Tana nan a zaure, ba ta san hanyar ko'ina ba.

Marigayi ya bar dutsen washi, wanda ya rame tare da shi. Ya bar kuben fata da yanzu ba shi da mai shiga, da adda, ƴar uwarsa ta wajen maƙeri, mai yawan surutu da ƙarancin aiki. Ya bar tsohuwa guda da har yanzu ƙafafunta biyu ke aiki.

Jana'iza ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu. Za a tashi daga ƙofar gidan Biba bayan sallar asuba, a kai ƙota inda ta faɗi, a hura wuta da ita, a dafa shayi har zubi na uku. Daga nan Malama za ta taka da ƙafarta ta nemo busasshen reshen aduwa mai ƙulli a kai, don Bahago ya ce ƙarfen bai gama kwanansa ba. Masu zuwa su zo da tabarmarsu da ruwan shansu. Kada a kawo gataran kasuwa masu jan fenti, an gode.

Ana roƙon jama'a, musamman Biba, kada wanda ya kira Yamai sai mota ta wuce inda rezon waya ke yankewa. Za a sanar da Karim ranar Litinin.