Wanda Ya Ƙi Sauka Daga Motar Kaka Tsendsuren

"To ya tumaki, amarya? Sun yi ƙiba, ko kin cinye musu ciyawar?"

"Lafiyarsu ƙalau. Ya gari, angon da ba ya zuwa sai an aika masa sau uku?"

Togtokh ya yi dariya, ya karɓi kwanon shayin madara da hannu biyu. Bakanike ne a garin gunduma, tafiyar awa huɗu daga kwarin da kakarsa Tsendsuren ta kafa tantinta. Lokacin ƙanƙara ya kusa, harawar tumakinta kuma tana can bayan dutse ba a kwaso ba. Motar kwasowar ɗaya ce, a-kori-kurar mijinta Luvsan, wanda ya rasu wata biyar da suka wuce. Tun rasuwarsa motar take shan mai ninki biyu. Wancan makon mai ya ƙare mata a tsakiyar fili, tsohuwa ta tako da ƙafa har gida, sai washegari ta koma da jarkar mai ta dawo da motar.

"Ke ce dai ba ki iya tuƙi ba," in ji Togtokh. "Giya ɗaya kike sakawa ki tafi da ita har bakin iyaka."

"Ni? Ina tuƙa motar noma uwarka ko haƙori ba ta yi ba. Mota lafiyarta lau. Mutum ne a bayanta."

"Wane mutum?"

"Kakanka mana. A bayanta aka ɗauki gawarsa zuwa gindin dutse, har yau ban ga alamar ya sauka ba."

"Ashe kishi yake yi da ni."

"Da kai? Da wannan wuyan naka kamar na raƙumin da aka yi wa aski?"

Suka fita. Rana tana sama amma girgije ya rufe ta, iska ta ɗauke cak. Karen gidan ya biyo su, sai ya tsaya daga nesa, ya kafe bayan motar da ido. Togtokh ya kira shi, ya ƙi motsi.

Ya buɗe gaban motar, ya zaro matatar iska. Busasshiyar ciyawa da gashin tumaki suka zubo, ɓera ya yi tsalle ya shige ƙarƙashi.

"Ga mijin naki nan, har ya yi iyali! Inji ba ya samun numfashi, ina zai ƙi shan mai?"

"Wannan ɗan'uwanka ne. Dubi gashin bakin."

Ya saka sabuwar matata. Ya duba tayoyi, duk huɗun iskarsu ta yi ƙasa, ya hura su yana haki, tana tsaye tana ƙirga masa numfashi. Sannan suka ɗan zaga kwarin. Motar tana tafiya kamar ana janyo ta daga baya, wani siririn kuka yana fitowa ta hagu, ya ɗauke, ya dawo.

"Ka ji shi ko? Haka yake yi idan yana barci."

Togtokh ya taka birki. Ya tsayar, ya kai hannu ga ƙarfen tayar baya ta hagu, ya janye da sauri. Zafi zau. Ya ɗaga ta da jak, ya juya ta da ƙarfinsa, ta ƙi juyawa.

"Tsohuwa, birkin hannu ne ya cije. Wayar ta yi tsatsa. Wata biyar kina taka mai, mota tana riƙe da birki."

"Ai na faɗa maka. Kullum cewa yake na cika gudu."

"Tsatsa ce, Kaka."

"Shi ma da ransa ai tsatsa ne."

Ya kwanta a ƙasa ya kwance wayar, ya goge ta, ya shafa mata mai, har tayar ta riƙa juyawa da yatsa ɗaya. Ya sauke jak, ya ja da baya yana goge hannu, sai murmushin ya bar fuskarsa. Bayan motar babu ko tsinke, amma ɓangaren hagu a danne yake, ya fi na dama kusa da ƙasa da yatsa huɗu. Ya leƙa sifirin da ke ɗauke da nauyin bayan motar. Babu wanda ya karye.

"Ya dai, ango? Baki ya mutu?"

"Ƙasar wurin ce ba daidai ba."

"To shiga. Ni zan ja."

Kukan ya daina, motar tana gangarawa sumul. Amma Tsendsuren ba ta juya gida ba. Ta miƙe arewa, har suka hango gindin dutsen da aka ajiye Luvsan. Ta tsaya daga nesa, ta kashe inji. Ko tsuntsu babu a wurin.

"Je ka buɗe masa ƙofar baya."

"Wa?"

"Tsatsar taka."

Ya sauka. Ya zaga, ya zare sakata, ya sauke ƙofar. Da farko shiru. Can sai sifirin hagu ya yi ƙara a hankali, motar ta ɗago, ta daidaita a gaban idonsa.

Ya dawo ya zauna, ya ja ƙofa da ƙarfi.

"Gargadar hanya ce ta mayar da shi mazauninsa," in ji shi.

"Ƙwarai kuwa. To me ya sa ka buga ƙofar da sauri haka?"

"Sanyi."

Ta daɗe tana kallon dutsen. Ta goge ido da hannun riga, sannan dariya ta ƙwace mata. Ta zura hannu a ƙirjin rigarta, ta fito da battar tabar Luvsan, ta dutse mai jan murfi, ta danƙa masa a tafin hannu.

"Karɓi, ja'iri. Shekara ashirin yana kwance ƙarƙashin motar nan yana zaginta, bai taɓa gano ciwo uku a yini ɗaya ba. Na yarda, ka fi shi."

Togtokh ya riƙe battar, ya matso kusa da kunnenta.

"Ki faɗa a hankali, Kaka. Bai yi nisa ba."