Ranar da Kwamfuta Ta Daskare da Kirarina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kwamfuta ta tsaya cak, ta bar ni tsirara a gaban mutumin da ko daga nesa na hango shi sai na cire takalmi.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, a nan Ƙonni. Dawowata ke nan daga Yamai da takardar koyon kwamfuta ta 'yan watanni (amma in ka ji ni ina zuba a teburin mai shayi, sai ka rantse ni na ƙera ta). Kawuna Alhaji Idi, mai motocin dakon albasa, ya buɗe mini ɗan shago kusa da tasha, ya sa mini tsohuwar kwamfuta da injin bugawa. Ina buga wa mutane takardun buro, wato na ofis, da katin biki. Aibin kwamfutar ɗaya, nawa gare ta. In ka ba ta umarni, sai ka je ka yi alwala ka dawo tana nan tana tunani.

Da na ji labarin wani shago a Sakkwato na sayar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ta fi tawa sauri, ban bar Kawu ya sha ruwa ba sai da ya yarda. Na je na sayo ta da 'yar fankarta mai sanyaya ta. A mota, ina rungume da ita a ƙirji kamar jinjiri, duk ramin da muka faɗa sai na harari direba.

Na kwance kwamfuta, na cire tsohuwar, na ɗora sabuwa, na rufe, na kunna. Wayyo daɗi! Kafin in ƙifta ido ta buɗe. Na yi tsalle, na fita ina kiran maƙwabta su zo su ga abin mamaki. Har mai facin taya sai da na jawo.

Murna ba ta daɗe ba. In na ɗan jima ina aiki, sai allo ya daskare. Ɓeran, wato ɗan abin da ake nuni da shi a allo, ba ya motsi, maɓallai ba sa ji, sai na kashe na sake kunnawa. Na fara da zargin wutar lantarki. Na koma kan faifan da mutane ke kawowa, na ce cuta suka sa mata. Na goge komai na sake zubawa, ta ƙi. A ƙarshe na buɗe akwatin, na cire ɗan siririn allon ma'ajiyarta na hura na mayar, na bar ta a buɗe tana shan iskar babbar fankar shago. Ranar ta wuni tana gudu ba gardama. Na bugi ƙirji na ce hurawar nan ce magani.

Shi kuwa Kawu (wanda ban taɓa gaya wa komai ba) ya riga ya gayyato shugabannin ƙungiyar manoman albasa na Tsarnawa, su zo su gani da idonsu don su riƙa ba mu aikinsu. Shugabansu Alhaji Mamman, mahaifin Rabi, yarinyar da nake nema. Mutum ne mai kaifin ido da ƙarancin magana, kuma har lokacin bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ranar da za su zo na yi sammako, na share shago, na mayar da murfin akwatin don kada baƙi su ga hanjinta a waje. Na kunna, tana gudu kamar barewa. Daɗi ya kwashe ni. Na ce bari in gwada manyan haruffa kafin su iso, sai na shiga rubuta wa kaina kirari, harafi kowanne kamar tafin hannu.

Ina cikin ƙara masa gishiri na ji tsayuwar mota da muryar Kawu. Na kai hannu in goge. Shiru. Na danna, na sake dannawa, na jijjiga ɓera. Ta daskare! Na miƙa yatsa zan kashe allon, Kawu ya riƙe mini hannu yana fara'a.

"A'a, bar ta kunne, ɗana. Ai aikinta sunka zo gani."

Cikin baƙin akwai Mushe Garba, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko (Mushe muke ce wa malamanta), sakataren ƙungiya. Ya sa tabarau, ya matso, ya gyara murya (Allah ya ba bawan nan murya kamar ta sanƙira), ya karanta:

"Ni ne injiniyan Ƙonni, dodon inji, na Alhaji Idi ba ka tsoron waya! Yamai ta san ka, Sakkwato ta shaida! Angon Rabi, ko tsoho ya so ko bai so ba!"

Fara'ar Kawu ta bushe a fuskarsa. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Alhaji Mamman ya gyara zaman hularsa, ya ce a hankali, "Mushe, maimaita min na ƙarshen ga. Ka san tsoho, kunne ya yi nauyi."

Kuma wallahi Mushe ya maimaita.

Dariyar da ta ɓarke, har 'yan tasha suka leƙo. Don in samu inda zan ɓoye fuskata, na durƙusa na kwance murfin akwatin na cusa kaina ciki. Wani zafi ya daki hancina. Nan idona ya faɗa kan 'yar fankar furosesa, tana tsaye ƙiƙam, wayarta na lilo a iska. Tun ranar farko, cikin ɗoki, ban taɓa jona ta ba. Zafi ne ke sumar da baiwar Allah, babbar fankar shago ce ta cece ta ranar da na bar ta a buɗe. Na jona waya, na kunna, ta tashi lafiya lau, ba ta ƙara daskarewa ba.

"Ta gyaru, Baba," na ce, kaina a ƙasa.

"Madalla, injiniya," in ji shi. "Saura bakinka."

Aikin dai sun ba mu. Maganar aure kuwa sai da Kawu ya yi ta zarya Tsarnawa da goro da ban haƙuri kafin tsoho ya sauko. Rabi ta yi wata guda in ta gan ni sai ta toshe baki da mayafi. Yau ga mu da jikoki, kuma har Allah ya karɓi ran surukina bai taɓa kirana da sunana ba, sai "dodon inji", ko a gaban liman.

Tun daga ranar na riƙe abu biyu. In ka sa wa inji sabuwar ƙwaƙwalwa, duba fankarta kafin ka zargi duniya. In kuma gwaji za ka yi, rubuta "a, ba, ca" kamar kowane ɗan lakwal, don inji ba ya zaɓar sa'ar suma sai surukinka na bakin ƙofa.