Torleiv a Kan Rufin Coci

Duk tsibirin nan babu masani kamar Ɗan'uwa Torleiv Haugsvær, tsohon shugaban gidan waya, wanda ya shekara goma sha tara yana shugabantar ikilisiya. Kalma ɗaya ya sani, sunan cocinsu, amma ya san ta har kakanninta. Shi ya sa a bayan idonsa ake kiransa Jijiyar Kalma.

"Frikirke!" yakan ce kowace Lahadi, gahawa tana hucewa a gaban jama'a. "Fri, 'yanci ke nan. Kirke kuwa daga Girkanci ta yo hijira, wato abin Ubangiji. Kakanninmu sun bar cocin gwamnati ne don kada wani mahaluki ya juya su!"

Daga nan sai ya gaya wa kowa inda zai zauna da waina nawa zai ci. Makullin wannan 'yanci, wato na ƙofar cocin, a aljihunsa yake.

Bana ya ji ƙishin-ƙishin cewa wasu na son Gunnvor mai gasa waina ta gaje kujerarsa. Bai damu ba ko kaɗan, kwana uku kawai ya yi abinci bai wuce masa ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Sai ya sa zaɓe ranar aikin gayyar da ake yi wa coci farin fenti, don ya san gajiyayye ba ya gardama.

Ranar kowa ya zo da burushi, shi ya zo da jawabi shafi tara. Ya hau tsani har kan rufi don muryarsa ta kai bakin teku. Yana tsakiyar Girkanci aka ɗauke tsanin, bangon baya na bukatarsa. A shafi na shida ya duba ƙasa, fili wayam, sai tsuntsayen teku. Ƙarfe biyu ta yi, lokacin zaɓen da shi ya tsayar, kuma dokar da shi ya rubuta ta ce ba a jiran kowa. Ta ƙarƙashin ƙafarsa ya ji tafi, a cikin cocin an zaɓi Gunnvor.

Gunnvor ce ta dawo da tsanin, ta riƙe masa shi cikin ladabi har ya sauko.

"Wannan tawaye ne!" in ji Torleiv.

"Haba ɗan'uwa, ai karatunka ne. Shekara goma sha tara kana biya mana, yau dai ya shiga." Ta miƙa hannu. "Kawo makullin. Wainarka tana ciki, guda ɗaya, yadda ka tsara."