Furen Dutsen da Na Yi wa Gata

Ba zan taɓa mantawa da watana na farko a gidan surukaina a Nassarawa GRA ba, shekarar da duk rediyon da ka kunna zancen Shari'a ake yi. Ni kuwa amarya ce mai sabon digirin aikin gona, ina neman inda zan sauke ilimina.

A bayan ɗakin surukina, Baba Alhaji, akwai tulin duwatsu, a tsakaninsu wasu kututture guda uku masu tumbi, ba ganye ko ɗaya. Tausayinsu ya kama ni. Gida duk ciyawa shar, a bar waɗannan bayin Allah a kan tsakuwa?

Na tambayi Malam Sale mai kula da shukoki. Ya ce, "Hajiya, furen dutse ne, ba ya son gata. A ƙyale shi."

(A raina na ce, wannan bawan Allah ko ajin farko bai shiga ba.)

Da Baba ya tafi Umara, na tuge su ni kaɗai, na dasa a baƙar ƙasa, na zuba taki, ina ban ruwa safe da yamma. Ƙaramin cikinsu ya karye a hannuna, na cilla shi bayan kicin kan tarkacen bulo.

Ranar da ya dawo, gida cike da 'yan sannu da zuwa, na durƙusa na ce, "Baba, na gyara maka shukokin nan da aka wulaƙanta."

Ya tashi ya nufi inda na dasa su, jama'a suka bi shi. Ya danna kututture ɗaya da yatsa, yatsan ya shige kamar cikin ruɓaɓɓiyar kabewa. Wallahi har warin na ji.

Sai mijina ya raɗa mini cewa marigayiya mahaifiyarsa, matar Baba, ce ta ɗauko su daga duwatsun garinsu, can Riruwai, har da duwatsun. Duk rani Baba a nan yake ajiye kujerarsa yana jiran furen.

Innalillahi! Na rasa inda zan sa fuskata, na fashe da kuka gaban kowa. Baba ya ce, "Ya isa, 'yata. Ita ma ta kashe biyu kafin ta gane halinsu."

Ban yarda na ƙara haɗa ido da shi ba, har wata safiya Malam Sale ya kira mu, ni da Baba, bayan kicin. Guntun da na yar ya kafa saiwa cikin bulo, ga fure ja da fari a kansa, ba ganye, ba wanda ya taɓa ba shi ruwa.

Baba ya sa aka kawo kujerarsa nan, kusa da kwandon shara. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Wannan kaɗai kika ƙi, shi kaɗai ya rayu. Don Allah ki ci gaba da ƙinsa."

Har yau ina bin umarnin Baba. Idan na ɗauko bokiti, ta can nesa nake zagayawa.