Yadda Za Ka Koya wa Kare Ya Tona Maka Asiri

Zayyanu direba ya sha sigari da rana tsaka a watan Ramadan, alhali shi ne ke jan salla a ɗakin ’yan aiki. Ka bi hanyarsa daki-daki. Na yi maka alkawari za ka isa inda ya isa, ba kuskure.

Mataki na ɗaya: Nemi karen da ba naka ba

Kai da iƙamarka, takardar izinin zama, ke hannun kafili, ubangidan da ya kawo ka ƙasar, ina ka ga wurin ajiye kare? Na maigida za ka ara. Zayyanu yana tuƙa wata Baturiya, matar injiniya, a wani rukunin gidajen Turawa kusa da unguwar Ulaya a birnin Riyad. Tana da kare, Maksi, tana kuma wasan da marasa aikin yi suka ƙirƙira: a ɓoye ƙamshi a ɗan gwangwani, kare ya nemo, a tafa. Da ta ce tana son mataimaki, Zayyanu ya ce kakansa maharbi ne. Kakansa tela ne.

Mataki na biyu: Kada ka tambayi me ke cikin gwangwanin

Kanumfari ne. Shi ne kuma abin da Zayyanu ke taunawa bayan kowane kara a bayan gareji, don kashe warin hayaƙi. Mai hankali zai tsaya ya yi tunani a nan. Kai kada ka tsaya.

Mataki na uku: Koyar da gaske

In ya shinshino gwangwanin, ya zauna ya kafa masa hanci, ba shi tsokar kaza. In ya kuskure, hana shi. Zayyanu ya ɓoye a ƙarƙashin taya, ya ɓoye a tukunyar fure, ya ɓoye a takalmin maigida. Kullum da safe ake yi, kafin karan farko, shi ya sa bai ga abin da ke tafe ba. Da ya ba addininsa rabin wannan himma, da ba ni da abin rubutawa.

Mataki na huɗu: Tara maƙiyi guda, mai haƙuri

Ubale kuku ya ɗanɗana gishirin miya da bakin harshe, ya tofar. Zayyanu ya gani.

“Ubale, ji tsoron Allah! Azumi ne fa.”

“Ustaz, ai na tofar.”

“Ka tofar? Harshen ma ka tofar?”

Ubale ya ci gaba da yanka albasa.

Mataki na biyar: Cika baki

Faɗa wa kowa karen nan ba ya ƙarya. Zayyanu ya faɗa wa Madam, ya faɗa wa Isiyaku mai ban ruwan fure, har ’yan uwa direbobi na unguwar Shifa sun ji. Rantse ma, in akwai shaidu.

Mataki na shida: Sha kara ɗaya kafin baƙi su zo

Wata Juma’a bayan la’asar Madam ta tara ƙawayenta su ga gwaninta. Zayyanu ya zaga bayan gareji ya kwantar da hankalinsa da kara ɗaya, ya bi da kanumfari cike da baki. Madam ta ɓoye gwangwani a can ƙarshen lambu. Ya durƙusa ya kwance igiya, ya ce, “Yalla, Maksi!”

Maksi bai je ko’ina ba. Ya zauna, ya kafa hanci a bakin malaminsa, yana kaɗa bindi, yana jiran kazarsa.

“Ustaz,” in ji Ubale daga ƙofar kicin, “me ya gani a bakin mai azumi?”

“Kanumfarin a aljihu yake! Na koyarwa ne!”

Mataki na bakwai: Zazzage aljihun

Kada ka yi jinkiri. Zayyanu ya zazzage: kanumfari, ashana, kwalin sigari. Maksi ya dubi na ƙasa, ya dawo da hancinsa bakin da ya fi ƙamshi.

“Yau dai ya yi kuskure,” in ji Zayyanu.

“A’a, Ustaz,” in ji Isiyaku. “Kai ka rantse mana ba ya ƙarya.”

Madam, da ba ta fahimci komai ba, ta tafa, ta ba karen kaza.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan ya ga abin da ya gani, kada ya zo ƙofata. Ban saya maka sigari ba, ban ba ka kanumfari ba, karen ma ban taɓa shafa shi ba.

Shi kuwa Zayyanu, Ubale ke jan salla yanzu, shi yana sahun baya. Yana kan kaffarar wata biyu a jere cikin zafin Riyad. In ya tauna kanumfari Maksi ya kama shi. In bai tauna ba Ubale ya kama shi.