Haƙorina da Awartakin Maƙeri

Jama'a, da kumburarren kumatu nake yi muku rubutun yau. Haƙori ne ya tasa ni gaba, na garzaya asibitin unguwarmu, wanda Mai Girma Uban Alkawura ya buɗe da kiɗa da tafi. Likita ya leƙa bakina da fitilar wayarsa, ya ce sai an cire, amma babu wuta, janareta babu mai, allurar kashe zafi kuwa tana hanya tun bara.

Na dawo na tarar maƙwabcina maƙeri ya ƙure rediyo, Mai Girman yana mana nasiha: wai kakanninmu sun rayu ba lantarki ba famfo, kuma ba su taɓa ƙorafi ba.

"Gaskiya ya faɗa," in ji maƙeri. "Kakana da awartaki yake cire haƙori. Zauna, maƙwabci."

"Allura fa?"

"Ƙarti biyu ne allurar. Danne ka za su yi."

Ni fa ba na ƙin zamanin da. Rijiya ba ta jiran mai, duhu kyauta ne, ba a aiko maka da takardar kuɗinsa. Amma kakata, da ta ɗan taɓa wancan zamanin, ba ta taɓa kewarsa ba. Ta ce kafin ki ɗebo ruwa rana ta take, ki haifi yara cike da ɗaki, kaɗan su yi wayo. Abu ɗaya take yabo: in haƙorin mai mulki ya yi ciwo, gaban maƙerin da kowa ke zuwa yake zama.

Zafi ya ci ƙarfina, na zauna. Tela ya riƙe kai, mahauci ya hau ƙafafu. Na yi ihun da ya tashi kajin layinmu. Maƙeri ya ɗaga haƙori yana murmushi, fari tas, ko ɗigon rami babu.

Lafiyayyen ya cire. Mai ciwon yana nan yana gaishe ku.

Jiya na ji Mai Girma ya hau jirgi zuwa waje, wai dasashinsa ke masa ƙaiƙayi. Ranka ya daɗe, wahalar tafiyar ta me? Maƙerinmu ya samu hannu yanzu, a bakina ya koya. Tela da mahauci ma sun ce kai kyauta za su danne.