Akalar Motar Soja

"Lafiya lau, in ban da warin gawayi da ya cika layin nan. Ina gajiya, baƙin maƙeri?"

"Babu gajiya, Buzu. Yaya 'yan uwanka raƙuma, sun tashi lafiya?"

Daga ƙarƙashin mota Dalhatu ya amsa, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Ɗan maƙeran Kano ne da ya baro zugazugi ya kama walda a wani gareji a Sana'iyya, unguwar masu gyaran motoci ta Riyad. Mai gaisuwar kuwa Agali ne, Buzun Agadas, direban wani Balarabe Abu Shakir, wanda yake kai wa raƙumansa ruwa da ciyawa can bayan gari. Maƙeri da Buzu, tun kaka da kakanni, ba sa haɗuwa su rabu ba su ci mutuncin juna ba, kuma ba a taɓa jin wani ya yi fushi ba.

Bara ciwon suga ya ci ƙafar Agali ta dama, aka yanke ta daga gwiwa. Ga iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa. Abu Shakir ba mugu ba ne, amma ya gaya masa gaskiya: direba ya ɗauko, in babu tuƙi sai dai ya koma gida gaba ɗaya, alhali da wannan aikin 'ya'yansa mata ke karatu. Dalhatu ne ya je da kansa ya roƙi a kawo masa tsohuwar jif ɗin sojan da su Agali suke shiga rairayi da ita, koriya wadda rana ta gama cinye fentinta. Dalhatu yana son motar, don ƙarfe ce zalla, duk abin da ka taɓa kana ganin inda ya nufa. Ya ce zai mayar da birki da totur hannu, ƙafar hagu ta ji da kulochi. Yau bayan la'asar Balaraben zai zo ya gani da idonsa.

"Ka gama lalata motar mutane?" in ji Agali, yana jingine sandunansa.

"Na gama yi mata gata. Motar da ta ɗauki janar-janar, yau ga ta za ta ƙare a hannun mai gadin raƙuma."

"Ita ta san gaskiya. Ranar da na fara hawanta sai da ta yi hamdala."

"Tari ta yi, Buzu. Warin shayinka ne ya shaƙe ta."

Dalhatu ya fito yana goge hannu, ya nuna masa wani sandan ƙarfe da ya kafa gefen sitiyari, ya naɗe masa roba a kai. Shi kansa ya san aikin ya yi kyau, har yana jin kansa.

"Saurara da kyau, in rawanin nan ya bar maka kunne. Ka ja, mota ta tafi. Ka tura, ta tsaya. A waya na gani, haka Turawa suke yi wa guragunsu."

"Guragun Turawa ka ce. Ni na yi maka kama da Bature?"

"Ko a mafarki. Hau mu gani."

Agali ya kama ƙofa ya ja jikinsa sama, bai yarda an taimake shi ba. Ya yi bisimilla, ya tayar, motar ta yi gurnaninta na tsofaffi. Ya ja sandan kaɗan, ta soma tafiya tiryan-tiryan cikin filin garejin. Dalhatu na binta a gefe, bakinsa har kunne.

"To tsaya nan, kada ka kai mu Agadas."

Maimakon ta tsaya, sai motar ta zabura. Ta yi tsalle ta afka wa tulin tsofaffin tayoyin da ke jikin katanga, ta mutu a nan. Tayoyi suka watse, ɗaya ta gangara har titi.

Dalhatu ya ruga ya leƙa, ya tarar ko ƙwarzane Agali bai yi ba, amma ya yi shiru irin shirun da bai taɓa gani a wurinsa ba. Buzu ba zagi, wannan ya fi komai tsorata shi.

"Ka yi iya ƙoƙarinka, Dalhatu," in ji Agali a hankali. "Bari kawai in tafi gida."

Sunansa na gaskiya ma ya kira. Dalhatu ya sunkuyar da kai, sai idonsa ya faɗa kan hannun Agali. Har yanzu yana riƙe da sandan gam, ya janyo shi har ƙirji.

"Kai, na ce ka tsaya, me ya sa ka ja?"

"To me zan yi? Tun ban kai tsawon gwiwar raƙumi ba, in ana son dabba ta tsaya, akala ake ja. Kaina ya ji maganarka, hannun ne ya ƙi."

Dalhatu ya tsaya sororo, sannan ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ashe laifina ne. Na yi wa raƙumi aikin mutane."

"Ka dai yi wa mai hankali aikin mahaukata. Wa ya taɓa tura abu don ya tsaya, in ba maƙeri ba?"

Da jin zagin nan hankalin Dalhatu ya kwanta. Suka turo motar baya da taimakon maƙwabta, ya koma ƙarƙashinta ya kwance sandunan ya juya su, na birki ya koma wurin na totur. Wuta na tartsatsi, baki bai huta ba.

"Ka yi sauri, ɗan toka, rana na tafiya."

"Ka kama bakinka, ko in haɗa maka ƙafar ƙarfe in sa mata kofato."

"Ƙafar da ka ƙera ai baya za ta riƙa tafiya da ni."

"Da ta kyauta maka, ta mayar da kai inda aka tsinto ka."

Suna sallame la'asar sai ga Abu Shakir. Ya dubi tayoyin da ke warwatse, ya dubi Dalhatu, bai tambaya ba. Ya je tsakiyar fili ya tsaya, ya harɗe hannuwa ya ce, "Yalla, ya Agali."

Agali ya tura sandan, motar ta tafi. Ya zagaye filin, ya sauya giya, ya yi baya, ya sake zagayowa, sannan ya miƙo ta kai tsaye wajen maigidan nasa. Dalhatu ya runtse ido ɗaya. Hannun Buzu ya ja, motar ta tsaya cak, saura taki ɗaya ta taɓa farar rigar Balaraben.

Abu Shakir ya yi murmushi ya buga bonet da tafin hannu. "Halas, shi ke nan. Gobe ka kawo iƙamar a sabunta. Raƙuma sun yi kewarka."

Bayan ya tafi, Agali ya daɗe a zaune bai sauko ba. Can ya miƙa hannu bayan kujera ya jawo wani kwali ɗaure da igiya, ya turo wa Dalhatu.

"Karɓi."

"Mene ne?"

"Dabino ne. Tsarabar yara na saya a kasuwar Aziziya, na riga na haɗa kayana."

Dalhatu ya riƙe kwalin yana dubansa.

"Wato duk wahalar nan da nake yi, ba ka yarda da aikina ba?"

"Wane mai hankali ne zai yarda da maƙeri?" Agali ya yi dariya yana share ido da bakin rawani. "Amma yau kam ka ci ni. Cinye abinka, su yaran kuɗin makaranta za su gani."